KANKANA BA TUWO BA CE: Nawa Ya Kamata Mai Son Rage Ƙiba Ta Sha?

 Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in an bi ta barauniyar hanya soyayyar ce dai ta jawo shi. Magana ce a kan kayan marmari da ƙiba, kuma ba komai ya sa na ɗauko ta ba illa abin da ya faru a gidanmu a Miga, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A bazarar 2024 ne, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki. An sa ranar 'yar Gwaggona, saura wata ɗaya da 'yan kai a ɗaura. Ba zan kama sunanta ba don na san hali, sai ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba. Yarinya ce son kowa, shekararta goma sha tara, ta gama sakandare, mai cikar jiki irin na gidansu. Ranar da dangin ango suka kawo lefe aka kira ta ta gaishe su, sai wata daga ciki ta dube ta sama da ƙasa ta yi 'yar dariya ta ce, "Ah, amaryar tamu tubarkalla akwai jiki, Allah dai ya sa atamfofin su isa." Aka yi dariya aka watse, kowa ya ɗauka wasa ne irin na dangin miji. Ashe ita maganar ta zauna mata a rai.

Washegari ta daina cin tuwo. Lokacin kuwa kankanar fadama ta cika gari, duk inda kika duba a bakin titi tuli ce guda, mangwaro kuma har yara sun gaji da jifa. Wata ƙawarta ta nuna mata a waya wai in mace ta yi kwana goma ba ta ci komai ba sai kayan marmari, kitsen jikinta narkewa zai yi kamar man shanu a rana. Shi ke nan, da safe kankana, da rana mangwaro, da dare kankana. In Gwaggo ta miƙa mata kwano sai ta ce ta ƙoshi, in an matsa mata ta ɗauka ta shige ɗaki ta juye wa ƙannenta, su kuwa kakarsu ta yanke saƙa, wa zai tona? A kwana na takwas tana jan ruwa a rijiyar tsakar gida wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe jiri ya kwashe ta. Allah ya taƙaita ta baya ta faɗi, guga ne ya tafi ciki da igiyarsa.

Muka ɗauke ta sai asibiti, Gwaggo na kuka tana cewa asiri aka yi wa 'yarta don a fasa auren. Malamar asibitin da muka tarar babbar mace ce mai haƙuri, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta sa aka gwada jini, sannan ta kore mu ta tambaye ta su biyu. Da muka dawo ta ce wa Gwaggo, "Hajiya kwantar da hankalinki, ba asiri ba ne, yunwa ce. Dama can jinin nata bai isa ba, ga azumi da aka fito, ga zafin nan, sannan ta zo ta hana cikinta abinci." Ta juya wajen amarya ta ce, "Ke kuwa 'yata, wa ya ce miki kankana tuwo ce?"

To tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan magana, na yi tambaya na yi karatu, don ni kaina ina da tawa matsalar da zan gaya muku in mun je wajen. Abin da na fara lura da shi kuwa shi ne mu 'yanmata mun kasu biyu, kuma duk mun ɓata. Akwai irin 'yar Gwaggona, masu ganin kayan marmari magani ne mai ƙone kitse, iya yawan shanki iya ramarki. Akwai kuma irin wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda in kika miƙa mata mangwaro sai ta ja da baya kamar kin miƙo mata kunama, wai ai suga ne zalla, ita tana rage teɓa. Amma wallahi a gabana take shanye lemon kwalba biyu da cincin, ko a jikinta.

Bari mu fara da ma'auni, don shi ne abin da kowa ke tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun a wani rahoto da suka fitar tare da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, ta ce kowane baligi ya riƙa cin aƙalla giram 400 na kayan marmari da kayan lambu a rana. Aka raba shi kashi biyar, kowane kashi giram 80. Na san ba mai sikeli a kicin ɗinta a cikinmu, to ga hanya mai sauƙi, giram 80 ɗin nan kusan abin da zai cika tafin hannunki ɗaya ne in kin lanƙwasa shi. Sai dai ki lura, kashi biyar ɗin ba duka na kayan zaƙi ba ne, har da ganye da kayan miya a ciki, irin su zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa, tumatir, karas da gurji. Dankali da rogo da doya ba sa cikin lissafi, su 'yan'uwan tuwo ne. Rabon da masana suka fi yabawa shi ne kashi biyu kayan marmari, kashi uku ganye da kayan lambu. Ke nan ga mai son rage jiki, cikin hannu biyu a rana, in ta kai uku ma babu laifi, musamman in ranar ta yi aiki ko ta yi tafiyar ƙasa.

In za a fassara shi da abin da muke gani a faifan mai talla, kashi ɗaya shi ne lemon zaƙi guda matsakaici, ko ayaba guda, ko gwaiba babba ɗaya ko ƙanana biyu, ko yanka ɗaya na gwanda ko abarba. Mangwaro in ƙaramin nan ne mai zare, guda ɗaya, in kuwa irin manyan nan ne su paparanda da ɗan Kamaru, rabinsa ya isa kashi, ki raba da ƙanwarki.

Na san wata za ta yi tsaki ta ce, haba, mangwaro ɗaya kamar mai jinya? Ai mu a bazara kwano muke ajiyewa a gaba, mu naɗe hannun riga, sai mun ga ƙwallaye sun taru. To 'yar'uwa bari mu yi lissafi irin na aji uku. Masana suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani ma'auni da suke kira kalori, kuma budurwa mai zirga-zirgar yau da kullum tana buƙatar wajen 2,000 a rana, wata ta ɗara wata ta gaza. Abin da jiki bai ƙone ba shi yake ajiyewa ya zama kitse, ko daga tuwo ya fito ko daga mangwaro, jiki ba ruwansa. A giram 100 na tsokar mangwaro akwai kalori wajen 60. In kika zauna kika shanye ƙanana goma kin haura 400, wato kamar kin ci faranti guda na shinkafa ke nan, alhali ke a zuciyarki ba ki ci komai ba, marmari kika yi, kuma an jima za ki zauna ki ci tuwon dare cikakke. Nan ne gizo ke saƙar. Mangwaron bai yi laifi ba, ɗora shi da aka yi a kan abincin da dama ya isa shi ne ya jawo.

Kuma kayan marmarin ma ba ɗaya suke ba, kowa da nauyinsa. A giram 100 ɗin nan dai, kankana kalori 30 gare ta kacal, don kashi casa'in da ɗoriya cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Gwanda tana da wajen 43, lemon zaƙi 47, abarba 50, gwaiba 68, ayaba 89. Kin ga ke nan mai shan kankana ko ta ninka kashinta ba ta yi ɓarna ba, amma mai cin ayaba biyar a zama ɗaya ta ci abinci sosai ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Wannan lissafin kuma shi zai nuna miki abin da ya kayar da 'yar Gwaggona a bakin rijiya. Kafin kankana ta ba mace ƙarfin yini guda sai ta shanye tsokarta fiye da kilo shida, wane ciki ne zai ɗauka? Ko ta iya ma, kankana da mangwaro ba su da abin gina jiki na kirki irin wanda ke cikin wake, kifi, ƙwai, nono da nama, ba su kuma da isasshen sinadarin ayon da ke ƙara jini. In aka hana jiki waɗannan sai ya juya ya fara cin naman kansa. Kilo biyun da ta ce ta rage a kwana takwas ɗin nan yawancinsa ruwa ne, tana komawa cin abinci ya dawo abinsa cikin mako guda.

Yanzu ga tawa matsalar. Ni dai rubutuna na dare ne, in gida ya yi tsit sai in kunna fitila in ɗauko littafi da biro, kuma ba na iya rubutu sai bakina na motsi. Sai na riƙa sayen dabino da aya a leda ina ajiyewa a gefen katifa, ina ce wa kaina ai gara wannan da alawa, ɗan itace ne, ga albarka. Wata uku ina wani littafi, ranar da na gama na ɗauko wata atamfata da nake ji da ita, zif ya ce bai san zance ba. Da na bincika sai na gano dabino giram 100 kalori wajen 280 gare shi, wato ya ninka kankana sau tara, saboda shi an riga an shanye ruwansa a rana, zaƙin ne ya rage a dunƙule. Ƙwaya goma da nake watsawa a baki kafin in gama shafi biyu sun haura kalori 200, abin da sai na sha kankana fiye da rabin kilo kafin in kai. Don haka busasshen ɗan itace ba a auna shi da cikin hannu, ƙirga shi ake yi. Kashinsa giram 30 ne, dabino uku ke nan, ko huɗu in ƙanana ne.

Kada wata ta ce na ce a daina cin dabino, Allah ya kiyaye. Mu da Dutse ke kusa da mu, garin da dabinonsa ya yi suna har gwamnatin tarayya ta kafa tashar binciken dabino a can, ina mu ina raina shi? Ga shi kuma sunna ce buɗe baki da shi. Ukun nan da muka saba a buɗa-baki su ne daidai. Inda ake samun matsala shi ne haɗin nan da ake ɗura wa amare da sunan gyaran jiki, a markaɗa dabino cikin gwangwani da aya da kwakwa, a zuba madara da zuma, a ce ta sha safe da yamma har wata guda. Kwakwa kanta mai ce da ita, giram 100 ya haura kalori 350. Wadda ke neman ciko to ta samu, amma wadda ke kukan teɓa tana shan wannan kofi biyu a rana, ta san inda teɓarta ke fitowa.

Wannan ya kawo mu kan maganar da na fi so ku riƙe, wato bambancin abin da aka tauna da abin da aka kurɓa. Lemon zaƙi in kika ɓare kika ci da tsokarsa, ɗaya ko biyu sun ishe ki. Amma kafin ki cika kofi da ruwansa sai kin matse uku ko huɗu, kuma ki shanye a tsaye cikin minti ɗaya, cikinki bai ma san an yi ba. Tuƙar nan da muke tacewa mu zubar, wadda likitoci ke kira faiba, ita ce ke riƙe ciki, ita ce ke sa zaƙin ya shiga jini a hankali, ita ce kuma ke sa bayan gida ya zo ba wahala. Tun a 1977 wasu likitoci a garin Biristol na Ingila suka gwada wannan, suka ba mutum goma tuffa iri uku, wadda za a gatsa, da markaɗaɗɗiya, da tataccen ruwanta. Ruwan sun shanye shi da saurin da ya ninka na cin 'ya'yan sau goma sha ɗaya, kuma shi ne mafi ƙarancin ƙosarwa a cikin ukun. A 2013 kuma masana a Jami'ar Habad ta Amurka suka fitar da sakamakon bin mutane fiye da 187,000 na tsawon shekaru, suka ga masu yawan cin 'ya'yan itace ɗungurungum ciwon suga ya fi ƙaranci a cikinsu, masu yawan shan tataccen ruwansa kuwa ya ɗan fi yawa. A 2015 suka sake fitar da wani a kan mutane fiye da 133,000, inda aka ga waɗanda suka ƙara cin 'ya'yan itace ba sa tara ƙiba kamar sauran. Ina ƙawata mai gudun mangwaro? To ta ji.

Ita Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ja kunne a kan suga a 2015, cewa ta yi kada wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce giram 50 a rana, kimanin cokalin shayi goma sha biyu, in an iya rage shi zuwa shida ya fi. A cikin wannan lissafi ta sa zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace, amma ba ta sa zaƙin da ke jikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ba. Lemon kwalba guda ɗaya kuwa yana iya ɗauke da cokali takwas ko tara. Sai ki haɗa da zoɓon da muke zuba wa suga da gwangwani, da kunun aya, da ruwan tsamiya, da shayin safe mai kauri, da kankanar nan da ake markaɗawa a bilanda a tuttula mata madarar ruwa. Rake ma da muke ji da shi a fadama, in kin duba ruwan suga ne kike tsotsa ki tofar da tuƙar, don haka gaɓa biyu ko uku don marmari sun isa, ba sanda guda ba. In dai da gaske rage jiki kike so, daga nan za ki fara yanka, ki bar wa gwaiba lafiyarta.

Wata za ta ce ai duk wannan maganar masu kuɗi ce, mu ina muka ga tuffa da inabi? Wallahi 'yar'uwa ba ki buƙatarsu. Allah ya raba mana namu bisa shekara. Da bazara ga mangwaro da kankana da kurna, da damina ga ɗinya, kaka ta yi ga gwaiba, hunturu ya shigo ga magarya da kanya da aduwa, ga lemon da motoci ke kawowa daga Binuwai ya yi araha, goriba kuwa ba ta yankewa. Gwaibar da muke rainawa ta ninka lemon zaƙi wajen sau huɗu a bitamin C. Ni a wajena goriba ita ce ƙawar mai rage jiki, don guda ɗaya sai ki yi rabin awa kina gwagwiya, baki ya samu aikin yi, kwaɗayi ya kwanta. Sai dai a yi hankali da haƙori, kuma aduwa in ta yi yawa kowa ya san inda take kai mutum.

Bitamin C ɗin nan da na ambata ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna a Nijeriya mata 58 cikin 100 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mu da muke zubar da jini duk wata, mu ne a gaba. Ayon ɗin da ke cikin wake da zogale ba ya shiga jiki sosai sai ya samu ɗan tsami irin na lemo ko gwaiba ko tumatir, shayi kuwa tare shi yake yi in an sha a kan abinci. Shi ya sa malamar asibitin nan ta ce wa amaryarmu ta riƙa shan lemonta bayan ta ci wake ko kwaɗon zogale, ta ɗaga shayi zuwa wani lokacin.

Sannan kafin ki fara wahalar da kanki, ki tsaya ki tambaya, wai shin ma ƙibar gare ki? Binciken nan na 2018 ya nuna mata 28 cikin 100 a ƙasar nan nauyinsu ya wuce kima, 12 kuma sun rame fiye da kima, kuma duk wadda ta zaga ƙauyukanmu ta san rama ba baƙuwa ba ce a nan. Ga wani gwaji da ba ya cin ko kwabo, wanda hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawararsa a 2022. Ki samu zare ko igiya, ki auna tsawonki daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ki yanke, ki ninka shi biyu, sannan ki zagaya shi a cikinki ɗan sama da cibiya, ba tare da kin shanye ciki ba. In bakin zaren ya haɗu, to tumbinki bai kai rabin tsawonki ba, ki gode wa Allah ki bar kanki ki huta. In ya ƙi haɗuwa, to akwai ɗan aiki, kuma aikin na a hankali ne, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne iyakar abin da likitoci ke yarda da shi. Da muka koma gida mun yi wa amarya wannan gwaji a ɗakin Inna, zare ya haɗu har da rara. Duk wannan wahala a kan maganar wata ce kawai.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta da ba ku gama girma ba, don Allah ban da hana ciki abinci ba tare da an je asibiti ba, jikinku gini yake yi, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta karya kumallo ba ba ta riƙe darasi. Haka mai ciki da mai shayarwa. Mai ciwon suga kuwa ba a hana ta 'ya'yan itace ba, amma likitanta ne zai tsara mata kashinta, ba ni ba.

Kakarmu da ta ji labarin rijiya salati ta yi ta tafa hannu, ta ce ita duniyar nan ta daina gane mata, a zamaninsu amarya in ba ta cika zane ba sai a ce gidansu ba a ci a ƙoshi. Na ce mata, "Inna ai har yanzu akwai masu neman cika zanen." Don a ajinmu kaɗai na san 'yanmata da suka sha ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu maganin asma ne da kumburi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, suna kumbura fuska da ciki, su tsattsaga fata, su hau da jini da suga. Wancan gida ana shan ƙwaya don a cika, wannan gida ana kwana da yunwa don a rame, duk don a burge mutanen da gobe za su sake samo wani abin faɗa.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba shi ne tsabta, tunda mu mutanen bakin kogi ne. Duk wadda ta ga kwalarar 2021 da ambaliyar 2022 a Jigawa ta san abin da gurɓataccen ruwa ke yi. Yankakkiyar kankanar da ta yini a tire ƙuda na bi, ki haƙura da ita, ku haɗa kuɗi ku sayi guda ku yanka a gida. Mangwaro da gwaiba a wanke da ruwa mai kyau kafin a kai baki. Hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kan masu nuna ayaba da mangwaro da kabayid ɗin masu walda, don haka wanda kika ga bayansa ya yi rawaya shar amma cikinsa gahi ba ƙamshi, ki ajiye shi.

Yadda malamar ta tsara wa amaryarmu ba wani abin wahala ba ne. Da safe ta sha kokonta da ƙosai, sugan cokali ɗaya maimakon uku. Da hantsi in yunwa ta taso, lokacin da da take aika yaro sayen cincin da lemon kwalba, sai ta sha mangwaro ɗaya ko yankan kankana. Da rana ta ci abincin gida kamar kowa, ganye ya fi yawa a kwanon, mai kuma a rage, don cokalin miya ɗaya na man gyaɗa kalori wajen 120 ne, ya fi lemon zaƙi guda nesa ba kusa ba. Da la'asar gwaiba ko lemo. Da dare tuwonta malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa, da ɗan kifinmu na kogin Haɗejiya in an samu. Ta kuma ba ta maganin ƙarin jini. Ni ma na bi layi, yanzu in zan zauna rubutu sai in ƙirga dabino uku a ɗan faranti, ledar kuma in kai wa Inna ta kulle a adakarta, don na gwada ajiye ta a ɗakina na ga ba amana tsakaninmu.

An ɗaura aure ranar da aka sa, atamfofi kuma sun isa har an yi wa ƙanwarta riga da ragowar wata. Angon sai bayan biki ya ji labarin rijiya, aka ce ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambaya wace ce ta yi maganar a cikin danginsa, amarya ta ƙi faɗa. Da na je ganin ɗaki bayan sati uku na tarar da ita a tsakar gida, tukunyar tuwo na kan wuta, ga lemo biyu a faranti tana ɓarewa. Ta miƙo mini ɗaya ta ce, "Yaya ungo naki, ɗayan nawa ne, kada ma ki sa rai."